Harajin Riga

Wata Laraba bayan la'asar ɗan yayata ya shigo gidana yana ta sosa ƙeya. Tun yana zanin goyo na san shi, saboda haka da na ga ya raɓe a bakin tabarma yana tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, har da wadda suka gaisa da ita a zaure, sai na ce masa ya faɗi abin da ke tafe da shi kafin magariba ta cim mana.

"Kawu, farar shaddar nan taka ta Sallah nake so ka ara mini. Yini ɗaya kawai."

Na tambaye shi ɗaurin auren wa za a yi. Ya ce babu ɗaurin aure. Wani aminin mahaifinsa ne ya yi masa hanya wurin wani Alhaji a Kantin Kwari, ana so a ba shi atamfa turmi hamsin bashi, ya riƙa zagawa da ita kasuwannin ƙauye, in ya sayar ya kawo kuɗi ya ɗauki wata. Jibi da safe aka ce ya je.

Na ce, "Kai da za ka neman bashi, za ka tafi cikin rigar masu bayar da bashi? Ai sai mutumin ya ce ka fi shi ƙarfi."

Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, in na je masa da wannan ta jikina, sadaka zai ba ni, ba kaya ba."

Na nemi amsa na rasa. Na shiga ɗaki na ɗauko masa rigar da 'yar ciki da wando, na haɗa masa da zanna bukar ɗin da nake ji da ita. Washegari ya kai rigar mabuga, aka ninke ta a kan gungume, ƙarti biyu suka yi ta sauke mata mabugi suna karɓa-karɓa har ta ɗauki ƙyalli. Kuɗin bugun ma daga aljihuna ya fita.

Maganar ta tsaya mini a rai ne saboda na san Alhajin a ido. Shekara da shekaru ina wucewa ta gaban shagonsa, ban taɓa ganinsa da shadda a ranar kasuwa ba. Yadi ne mai sauƙin kuɗi wanda wanki ya cinye wa launi, da silifas na roba, da hular da ta gaji da tsayuwa. A cikin wannan shigar yake sallamar kayan miliyoyi zuwa Maraɗi da Damagaram da Injamena, kuma babu mai gadin bankin da ya isa ya tare shi a ƙofa ya ce wurin wa ya zo. Mai abin saye ya bar sawa, yaron da ba shi da ko sisi kuwa sai ya yi ado kafin a saurare shi. Wannan shi nake kira harajin riga: kuɗin da wanda ba a sani ba yake biya kafin a yarda ya buɗe baki. Da zarar an san ka, an yafe maka shi.

Ban ga laifin Alhaji ba, in faɗi gaskiya. Kasuwarmu kasuwar amana ce. Kaya da yawa a kan kalmar baki suke fita, babu jingina, babu wani ofishi da za a buga wa waya a ji ko wannan yaron ya taɓa cin kuɗin wani. Baƙuwar fuska ta zauna a gabanka, kana da minti goma ka yanke hukunci. Me za ka duba? Wanda ya kawo shi, yadda ya gaisa, sai kuma abin da ke wuyansa. Rigar tana gaya wa mai kaya cewa yaron nan yana da gidan da za a je in ya yi layar zana, yana da mutuncin da zai ji tsoron zubarwa. Ko ta aro ce ma ba ta yi ƙarya duka ba, domin wanda ya sami mai ara masa shadda, ai yana da kawu.

Harshenmu kansa ya daɗe da yanke wannan hukunci. Babbar riga da kaftani muna ce musu manyan kaya, riga da wandon Bature kuwa ƙananan kaya, tun kafin a tambayi kuɗin kowanne. Kalmar sutura ita ce tufafi, ita ce rufin asiri, ita ce kuma abin da ake yi wa mamaci. In an ba mutum sarauta cewa muke an naɗa shi, in an karɓe cewa muke an tuɓe shi. Al'ummar da mulki a bakinta naɗi ne, rasa shi kuma tuɓewa, ba ta buƙatar wani ya zo daga waje ya koya mata cewa riga tana magana.

Shi ya sa wa'azin nan da ke yawo a Facebook yake ba ni dariya. Duk bayan kwana biyu sai wani ya ɗora hoton Steve Jobs na kamfanin Apple da baƙar rigarsa mai dogon wuya da wandon jins, a gefensa Mark Zuckerberg mai Facebook da 'yar rigarsa ruwan toka, a ƙasa a rubuta cewa ga masu kuɗin gaske nan ba ruwansu da tufafi, mu talakawa ne muke kashe kanmu a banza. Baƙar rigar Jobs ba a gwanjo ya tsince ta ba. Issey Miyake, shahararren mai zayyana tufafi na Japan, shi ya yi masa su, wajen guda ɗari iri ɗaya. Mutumin da ya tanadi riga ɗari iri guda ba za a ce riga ba ta dame shi ba. Ta dame shi har ya mayar da ita tambari, ana hango ta a san wayar wa za a tallata. Zuckerberg kuwa, a watan Afrilu na 2018 da majalisar dokokin Amurka ta kira shi ya yi bayanin yadda bayanan masu amfani da Facebook suka faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica, kwat ya sa da laktaye, tsaf kamar ango. Ranar da ya zama shi ne mai neman a yarda da shi, ya biya harajin kamar yadda ɗan yayata ya biya.

Mu ma muna da namu misalin a gida. Malam Aminu Kano ya yi siyasarsa cikin farin yadi marar aiki da jar dara, a zamanin da ake auna girman mutum da faɗin aska da tudun rawani. Amma Malam ɗan gidan malamai da alƙalai ne, ya yi Kwalejin Kaduna, ya yi karatu a Landan. Kowa ya san da ya ga dama malum-malum zai sa, shi ya sa farin yadinsa ya zama jawabi. Talakan da ke tsaye a bayansa a taron jam'iyyarsa ta NEPU cikin irin wannan yadin, shi ba jawabi yake yi ba, abin da Allah ya hore masa ke nan.

Kuma ba da kuɗi iri ɗaya ake biyan harajin a ko'ina ba. Shaddar da ta buɗe ƙofa a Kwari, ka shiga da ita neman aikin banki a Legas ka ga yadda za a bi ka da kallo. Can kwat ake karɓa, kaftani sai ranar Juma'a. Mata nasu ya fi nauyi. A Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, alhali ta ci duk jarrabawar da ake ci. Sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita, da hijabin nata. Wata bakwai na aikinta ta biya a kan ƙyallen da ke kanta.

Illar duk shaidar da ake karantawa a jiki ita ce ana iya buga jabunta. A watan Nuwamba na 2022 kotunan tarayya biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka suka yanke hukunci biyu, kwana goma sha ɗaya tsakani. Na farko a Los Angeles, a kan Ramon Abbas, ɗan Najeriyar nan da aka fi sani da Hushpuppi, wanda aka kama a Dubai a 2020. Ya yi shekaru yana cika Instagram da hotunan Gucci da jiragen haya da manyan motoci, yana cewa shi harkar gidaje yake yi, matasa miliyoyi suna bin sa suna haɗiyar yawu. Na biyu a San Jose, a kan Elizabeth Holmes mai kamfanin Theranos, wadda ta ce ta ƙirƙiro na'urar da za ta yi ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jinin yatsa, har aka taɓa yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 9. Ita ba ta yi ado ba. Baƙar riga mai dogon wuya take sawa kullum, irin ta Jobs sak. Waɗanda suka yi wa rogon nata kallon kitse kuma ba ƙauyawa ba ne: Rupert Murdoch, attajirin nan mai jaridu da gidajen talabijin, ya zuba kuɗinsa, tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka biyu, Henry Kissinger da George Shultz, sun zauna a hukumar daraktocinta. Shi ya ari rigar mai kuɗi, ita ta ari rigar mai basirar da ya wuce ado. Kowannensu wata 135 aka yanke masa, ba ƙari ba ragi.

Ba sai mun je Kalifoniya ba ma. Duk wanda ya taɓa ganin masu karɓar kuɗin jama'a da alkawarin ninkawa a wata uku ya san kamanninsu: shadda tana ƙara, turare yana riga su shiga ɗaki, hoton Umara a fuskar waya. Ban taɓa jin wanda ya damfari unguwa guda cikin koɗaɗɗen yadi ba.

To wa ke yanka wannan haraji, wa ke ƙara shi duk shekara? A da fada ce. Abin da aka gani a jikin sarki da hakimai ranar hawa, shi attajirai ke kwaikwaya gwargwadon abin da aka yarje musu, daga nan ya gangaro. Yau allon waya ne. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, fim ɗin Hausa ya shiga ɗakunan da sarki bai taɓa shiga ba, daga Kano har Agadas, har zangon Kumasi, har unguwannin Hausawan Sudan. Telan layinmu ya ce mini rabon da mace ta kwatanta masa ɗinki da baki har ya manta. Waya ake miƙo masa an tsayar da fim a daidai inda jaruma ta juya baya, a ce irin wannan, ranar Alhamis nake so.

Shekarun baya kaɗan wani maƙwabcina ya ba 'yan fim hayar gidansa na kwana uku, na sami kujera a gefe ina kallon ikon Allah. Ga mai kyamara da yaransa, ga mai fitila, ga mai ɗaukar sauti da doguwar sandarsa, ga mai kwalliya da akwatinta, har da wani yaro da littafi wanda aikinsa kawai ya rubuta wace riga aka sa a wace fitowa don kada a sami saɓani. Wanda na nema ban gani ba shi ne mai yanke shawarar wace riga ta dace da wane mutum. Jarumar da akwatuna biyu ta zo, nata na kanta, kowace fitowa sai ta buɗe ta zaɓi abin da ranta ya kwanta da shi. A labarin kuwa matar malamin firamare ce da ake bin mijinta kuɗin haya. Kafin azahar ɗin rana ta biyu na ƙirga leshi uku da atamfa huɗu, kowanne da mayafinsa da takalminsa da jakarsa. Akwai inda aka ce an tashe ta daga barci da tsakar dare da mummunan labari, ta fito ɗaurin kanta ko gezau bai yi ba.

Da aka zo fitowar mai gadi, sai aka aiki yaro ya samo tsohuwar riga. Ya dawo hannu rabbana. Aka karɓi ta wani mai jan wayar fitila, darakta ya sa almakashi ya yi mata tsaga uku, aka murza ta a ƙasar tsakar gida, aka miƙa wa dattijon ya sa.

Da aka tashi cin abinci na matsa kusa da furodusan na ce, "Yallaɓai, matar malamin makaranta da leshi uku?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, in na sa mata koɗaɗɗiyar atamfa mata ba za su kalla ba. Ita ma ba za ta yarda ba, sai a fara cewa ta tsiyace."

Rabin maganarsa na biyu gaskiya ne tsantsa, kuma ya sa na daina ganin laifin yarinyar. Ita ce ta fi kowa biyan harajin a gidan nan. Da kuɗinta ta sayi kayan, ba ta da ikon maimaita wanda aka taɓa gani, domin masu sharhi a ƙasan hoto ba sa mantuwa. Mu muka ɗora mata wannan kaya, mu ne kuma za mu zauna a majalisa da daddare muna tambayar ina 'yan fim suke samun kuɗin irin wannan sutura. A wurinta riga jari ce kamar yadda take a wurin ɗan yayata: da ita ake kiranta wani fim ɗin, da ita kamfanin man shafawa ko na atamfa zai ɗauke ta talla.

Amma dubi ƙamus ɗin da wannan hali ya haifar, shekara talatin da ɗoriya ana karantar da shi a kowane ɗaki. Mai kuɗi shi ne wanda shaddarsa ke ƙara ko da a kan gadonsa yake zaune. Ɗan boko kwat ne, ko da a zafin Afrilun Kano. Ɗan iska ƙananan kaya. Talaka kuwa tsumma, kuma in ba abin tausayi ba ne to abin dariya ne. Ƙamus ne mai shafi ɗaya, kuma mutum biyu da na fi sani a rayuwata babu su a ciki. Babu Alhajin Kwari mai silifas na roba. Babu kuma mahaifina.

Mahaifina riga biyu gare shi na fita, fara da shuɗiya. In ya dawo da yamma ya cire, mahaifiyarmu ta wanke da sabulu ta sa wa farar bula, a shanya a igiyar tsakar gida, da asuba a zuba garwashi a dutsen guga. Wuyan farar ya sha juyi a wurin tela har sau biyu. Ban taɓa ganin tabo a jikinta ba, ban kuma taɓa ganin ya fita da maɓalli a tsinke ba. Haka iyayen mafi yawanmu suke. Talakan Bahaushe mai tsafta ne, mai kare mutuncinsa da allura da zare, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a gane babu a jikinsa. Duk sanda darakta ya sa almakashi ya yaga riga ya murza ta a ƙasa don a gane talaka ne, wannan mutumin ya zaga. Yaron da ya tashi yana kallon haka kuma shi ne gobe mai gadin banki, shi ne magatakarda a ofis, shi ne uban yarinyar da za a zo neman aurenta. Da ƙamus ɗin da ya haddace zai yi aiki.

Tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001 ake muhawara a kan suturar 'yan fim, amma duk a kan abu ɗaya: ta rufe ko ba ta rufe ba, ta matse ko ba ta matse ba. Wannan tambaya tana da muhallinta, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a duk tsawon wannan lokaci ban ji an tashi an tambaya ko rigar ta faɗi gaskiya a kan mai ita ba.

A wasu wuraren wannan sana'a ce mai zaman kanta. Tun 1949 ake ba da kyautar Oscar a kan tsara suturar fim, wata mata mai suna Edith Head ita kaɗai ta ci takwas. Aikin mai wannan sana'a ya karanta labari ya san nawa mutumin nan yake samu a wata, wa ke yi masa wanki, wace riga zai ɗauka ranar da zai je neman alfarma. A 2019 Ruth Carter ta zama baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta, saboda kayan da ta tsara wa fim ɗin Black Panther, ta sake ci a 2023. Ta zauna ta yi nazarin jan ƙyallen Masai, da bargon mutanen Lesoto, da zobban wuyan Ndebele, da hular matan Zulu, da shigar Buzaye. Nan ne abin ya taɓa ni. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da aka san Buzu da shi, turkuɗi, a Kura ake rina shi a buge shi, nan bayan Kano a hanyar Zariya. Wata daga Amurka ta ga darajar abin da ke bayan gidanmu ta kai shi gaban duniya, mu kuwa in mai saƙi ya fito a fim ɗinmu, to boka ne ko ɗan ƙauye.

Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya rubuta yadda saƙi da rinin Kano suke kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus. A wancan zamanin in Buzu ko Balarabe ya biya harajin riga, aljihun masaƙin Kano da marinin Kura yake faɗawa. Yau fa? Shaddar da na ara wa ɗan yayata a Bludenz aka saƙa ta, wani ƙaramin gari a yammacin Ostiriya, a masaƙar Getzner da aka kafa a 1818, wadda muka mayar da sunanta Gezna. Atamfar da uwar amarya ba ta yarda lefe ya cika sai da ita, daga Helmond ta ƙasar Holan take zuwa, kamfanin Vlisco. Wanda hannunsa bai kai nan ba ya sayi kwaikwayonsu daga Chaina. Yadi goma na Gezna ta gaske, kafin a je ga tela da mai aiki, ya haura naira 70,000 da aka sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 nesa ba kusa ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta daɗe da yin shiru, masaƙar UNTL ita ma ta rufe ƙofa a 2007, duk wanda ya san Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, a shekarun 1980 in ya je yanzu sai ya yi ƙwalla. Ba fim ne ya kashe su ba; rashin wuta da fasa-ƙwauri da arhar kayan waje sun isa. Amma allon talla mafi girma a ƙasar Hausa, wanda ke kunne a hannun kowace amarya da kowane saurayi, kyauta yake yi wa Bludenz da Helmond aiki dare da rana, marinar Ƙofar Mata kuwa tana jiran 'yan yawon buɗe ido su zo su ɗauki hoto.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce mutum ya yini cikin wahala, in ya kunna fim da daddare so yake ya ga kyau, ba irin rigar da ke rataye a ƙusar ɗakinsa ba. Za a kuma kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda wani ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutum yana son rigarsa ta yi kyau takalminsa ya yi kyau, aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau. Na yarda. Ni kaina ai ga shi ina da farar shadda ta Sallah, kuma ranar da na sa ta tafiyata ma canzawa take yi. Amma a ƙarasa hadisin: girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ado bai dame ni ba. Raina mutanen nake magana a kai, wanda muka mayar da shi darasi muna koyarwa da almakashi.

Rabin maganar furodusan na farko, cewa mata ba za su kalla ba, shi ne ban saya ba. Matan da yake magana a kansu su ne ke wanke atamfa ɗaya su shanya su jira ta bushe. In suka ga jaruma ta maimaita zani a fitowa uku kuma labarin ya riƙe su, kansu za su gani a ciki. Kuma kyau bai ƙare a leshi ba. A ɗauki mutum ɗaya a kowane fim, a biya shi kamar yadda ake biyan mai fitila, ya karanta labari ya shiga kasuwa. A bar attajirin labari ya fito da rigar saƙi ko ta tsamiya mai aska takwas ɗinkin hannu, wadda in don tsada ne ta fi Gezna, a ga ko telan layinmu ba zai fara ganin hotonta a waya ba. Thomas Sankara sai da ya yi doka kafin ma'aikatan Burkina Faso su sa saƙin ƙasarsu, Gana ta ware ranar Juma'a don kayan gida tun 2004. Mu jarumi ɗaya da ake so ya isa ya yi abin da doka ba ta yi ba.

A kasuwa kuwa abin da zai rage harajin ya riga ya shigo aljihun kowa. Yaron da ke karɓar kuɗi ta asusun waya yana da tarihin shiga da fita na wata shida da zai iya buɗewa a gaban mai kaya. Wannan shaida ta fi wuyar aro.

Ɗan yayata dai ya sami turmi hamsin ɗinsa. Ya ce Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi sunan kakansa, ya kira yaron shago ya ce a ƙirga masa. Ya biya na farko, ya biya na biyu, yanzu ɗari yake ɗauka. Da ribar farko da ta yi kauri ya sayi shadda yadi biyar, 'yar Chaina, ban ce masa komai ba.

Tawa kuwa har yanzu ba ta zauna a akwati ba. Bayan wata biyu ya dawo yana sosa ƙeya, wai abokinsa zai je ganin wani mai shagon kayan masarufi a Singa. Daga nan wani ƙanin abokin ya je da ita tambayar aure. Makon jiya na aika a karɓo mini ita saboda ɗaurin auren ranar Asabar, aka ce in yi haƙuri zuwa Lahadi, tana Zariya.